Takardar Koke ga Mai Girma Hakimi Kan Lambatun Unguwarmu da Kuɗin Ƙaramar Hukuma

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka. Mu ne talakawanka mazauna sababbin unguwannin da ke gefen birnin Kano, a ƙarƙashin gundumarka: limamai, 'yan kasuwa, malaman makaranta, ƙungiyar mata da samari 'yan sintiri. Kukanmu shi ne ruwan sama ba shi da hanyar fita daga unguwar nan, kuma ba mu ga inda kuɗin da ya kamata ya yi masa hanya yake shiga ba.

Ka fi mu sanin asalin wurin. Gonaki ne da kududdufai, aka yanka su awon igiya, aka sayar wa mutanen da tsadar haya ta koro daga cikin gari. Ba a bar filin makaranta ba, balle hanyar ruwa. Kududdufan da suke shanye ruwan damina an cike su da shara an ɗora gini. To ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. Da marka ta kankama sai ya shigo mana ɗakuna, katangun ƙasa su zube, masai su cika su haɗu da rijiyoyi, bayan kwana kaɗan a fara kai yara asibiti da amai da gudawa. Masu adaidaita sahu suna tsayawa a bakin kwalta su ce iyakarsu ke nan. Mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa titi. Ko gawa za a kai makabarta sai an naɗe wando an ratsa kwata. 'Yan ga-ruwa ma sun ƙara kuɗin jarka, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin duk wanda ya tura kura a cikin taɓon nan ya ci guminsa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne an taɓa fara aikin. Gab da zaɓe aka kawo mota ta haƙa lambatu, aka kafa allo, aka zuba kankare a ɓari guda. Ana gama ƙirga ƙuri'a ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Yau ramin yana nan a buɗe, rodi a tsaye, ya zama bola da gidan sauro, kuma haɗarinsa ga yara da tsofaffi ya fi na lokacin da ba a taɓa wurin ba. Wakilanmu sun je sakatariya, aka ce aikin jiha ne. Sun je ma'aikata a cikin gari, aka ce na ƙaramar hukuma ne. Wani kuma ya ja su gefe ya ce kada su wahalar da kansu, aikin waɗancan ne, ba mai ƙarasa wa abokin hamayya aiki.

Ranka ya daɗe, wannan magana ta ƙarshe ita ce cutar. Mun ga irinta a titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomin jihar nan kafin 2015, yadda da yawansu suka tsaya shekara da shekaru bayan sauyin gwamnati. A cikinmu akwai mai jar hula, akwai wanda ba ya sa ta, akwai wanda bai taɓa mallakar katin jam'iyya ba, kuma duk sun sa hannu a takardar nan. Ba mu damu da wanda zai yanke ƙyalle ba. Wanda ya ƙarasa ya rubuta sunansa a allon, ya shafa masa fentin da ya ga dama.

Batun wanda aikin ya rataya a wuyansa kuwa, doka ba ta bar shi a duhu ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai gina hanyoyin unguwa da gyara su, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da makabartu. Kuɗin yin su ma an ware. Cikin abin da ake rabawa daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kason wata-wata ya ƙaru ƙwarai. Mu ne muka biya wannan ƙarin a gidan mai, da kuɗin mota, da farashin kwanon masara, don haka ba rashin kunya ba ne in mun tambayi inda ya shiga. Sannan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Ko kuɗin kai tsaye yake zuwa, ko ta asusun haɗin gwiwa yake biyowa, wannan tsakanin manya ne. Mu dai da sunanmu ake karɓarsa.

Akwai wani abu da muke so ka isar, domin ba kowa ke lura da shi ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan a 2006 aka yi ta, lokacin da rabin unguwannin nan dawa da gero ake nomawa a cikinsu. A takardar masu tsara kasafi har yanzu mu ƙauye ne, ga shi kuwa cunkosonmu na birni ne. Amma ranar zaɓe ba wanda yake ɓatan hanyar akwatunanmu. Ba ma hassadar gadojin Ƙofar Nasarawa da Ɗangi da Hotoro, mu ma muna hawansu in mun shiga gari. Sai dai kafin mutum ya kai gada dole ya fita daga ƙofar gidansa.

Roƙonmu na farko, kuma mafi girma, ka kira Shugaban Ƙaramar Hukuma da kansilan mazaɓarmu su zauna da wakilanmu a fadarka, a faɗa mana a gabanka wane ne ya ba da kwangilar lambatun nan, nawa aka ware, nawa aka biya, kuma me ya tsayar da ita. In na jiha ne, ka haɗa mu da ɗan majalisarmu ya kai maganar zauren majalisa, a sa aikin cikin kasafin baɗi da sunansa da adadinsa, ba a dunƙule cikin "ayyuka daban-daban" ba. Kafin nan, tun damina ba ta faɗi ba, a rufe ramin ko a kewaye shi, a yashe shi, a zuba burji daga bakin kwalta zuwa masallacin Juma'a. Muna kuma roƙon a riƙa liƙa abin da ƙaramar hukuma ta karɓa da abin da ta kashe kowane wata a allon sakatariya, da Hausa, yadda mai shayi da mai faci za su karanta. Masu karɓar kuɗin shiga ba sa fashin zuwa kasuwarmu, to mu ma a daina yi mana fashin bayani.

A ɓangaren da ke hannunka kai tsaye, Allah ya taimake ka, muna roƙon ka hana masu unguwanni sa hannu a cinikin ragowar kududdufin da ya saura, domin shi kaɗai ne matattarar ruwan da muke da ita.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Masu shaguna da dakalan da suka shiga hanyar ruwa sun amince za su ja baya da zarar injiniya ya buga alama. Samarinmu za su fito aikin gayya duk Asabar, in an ba su baro da shebur da motar kwashe abin da suka yaso. Mun kuma ware dattawa da za su riƙa duba aikin, su kawo maka rahoto ta hannun Dagaci.

Muna jiran ranar da za ka sa mana. Sa hannun magidanta da dangwalen iyayenmu mata suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Al'ummar sababbin unguwannin gundumarka.