Diflomar lafiyar dabbobi na buƙatar jari

Ranka ya daɗe Edita,

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, iyaye ke tambaya ko diflomar shekara biyu a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana mayar da kuɗin da aka kashe.

Tana mayarwa, idan akwai jari. Abincin mai diflomar yana rugage da gonakin kaji, wajen rigakafin ciwon huhun shanu da cutar farin kashin kaji. Amma maganin rigakafi sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Da ya sha zafi a hanya ya lalace, dabbobi su kamu, makiyayi ya daina kira.

Ina roƙon ma'aikatar ta ba waɗanda suka kammala rancen firji mai sola, kular ƙanƙara da babur, su biya sannu a hankali.

Wassalam.