Haske ma yana auna zafin injin jirgi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon makanikin jirgin sama ne. A zamaninmu da wayoyin ƙarfe biyu da aka haɗe bakinsu muke auna zafin inji, kuma irin da aka fi amfani da ita ba ta jure fiye da digiri 1,200 a ma'aunin Celsius. Wutar cikin injin jet kuwa ta wuce 1,500. Dole sai can baya, wajen fitar hayaƙi, ake sa ma'aunin, sauran kuma lissafi ne.

Yanzu akwai wata hanyar kuma: haske ake turawa ta zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Zafi ya taɓa shi, launin hasken da ke dawowa sai ya ɗan sauya. Matsin iska kuma wani ɗan faifai yake lanƙwasawa a bakin zaren, shi ma sai hasken da ke dawowa ya sauya. Tartsatsin lantarki ba ya ruɗa wannan ma'aunin. Zaren da aka yi da safaya, wani dutse mai tsananin tauri, sai ya haura digiri 2,000 kafin ya narke.

Abin da ke damuna shi ne wani irin ma'aunin hasken, mai leƙen fukafukan da ke juyawa a cikin inji ta madubi don ya gane zafinsu. Baƙin hayaƙi na rufe masa ido, balle ƙurar hunturunmu. Injiniyoyinmu matasa su duba wannan.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano