Kuɗin Wuta Iri Ɗaya Kowane Wata: Rumbu Ne, Ba Rangwame Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amsa wata tambaya da 'yan uwanmu sababbin zuwa Ingila suka ishe ni da ita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leeds tun 2020, kuma duk wanda ya kama haya, da ya gama tambayar masallaci da shagon naman halal, sai ya ce: Anti, in yarda kamfanin wuta da gas ya riƙa cire mini kuɗi iri ɗaya daga banki kowane wata, ko in jira takarda in biya abin da na sha?

Ni ma da farko ƙi na yi. Ina jin an ce za su ƙiyasta, sai gabana ya faɗi, domin a gidanmu na Kano na san ƙiyasi. Babu mita, a kawo wuta ko kar a kawo, takarda tana nan tafe ƙarshen wata, Baba ya ɗauke ta ya yi ta tsaki. Abin ya kai sai da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa iyaka a kan irin wannan caji a Fabrairun 2020. To wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Amma na nan daban ne. Kamfani yana duba abin da gida zai sha a shekara, ya raba gida 12. Daga Yuni zuwa Agusta ba mai kunna hita, rana ba ta faɗuwa da wuri, don haka abin da kake biya ya fi abin da ka sha, rarar tana taruwa da sunanka. Sanyi na shigowa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai gas ya cinye ta tas. Rumbu ne kawai: a zuba da kaka, a ɗiba da bazara. Kuma akwai mita, ko ba daɗe ko ba jima za a zauna a yi lissafin gaskiya.

A nan na sha tawa, bayan daga baya na yarda na shiga tsarin. Na sa a raina tunda suna cire fam 85 ɗinsu, na fita haƙƙinsu. Wata tara ban leƙa mitar ba, tana can ƙarƙashin bene bayan buhun shinkafa da keken yara. A tsakanin nan Hajiyarmu ta zo mini wankan jego, ita kuwa ko digon sanyi ba ta jurewa, hita dare da rana, ga tafasa ruwa safe da yamma. Sannan a Afrilun 2022 Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas a nan, ta ɗaga iyakar farashi da kashi 54 cikin ɗari. Ranar da na aika musu lambobin mitar, saƙo ya dawo cewa ana bi na sama da fam 600, kuma daga wata mai zuwa za a cire ninki biyu da ɗoriya. Na zauna a kan matakala da wayar a hannu, jaririya na kuka a sama, na rasa wa zan ɗora wa laifi. Ba cuta ta aka yi ba. Kuɗin da na ga yana fita iri ɗaya ne ya lallaɓa ni na yi barci.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Rarar nan da ke taruwa kuɗinka ne zaune a hannun wani. A ƙarshen 2021, da farashin gas ya tashi, ƙananan kamfanoni sama da 20 suka durƙushe. Maƙwabciyata, 'yar Ghana, nata yana ciki. Ofgem ta mayar da ita wani kamfanin, kuɗinta bai salwanta ba, amma sai da ta yi watanni tana buga waya kafin ta gan shi.

Duk da haka, in mai albashi ya tambaye ni, ce masa nake ya karɓa. Albashi ba ya ƙaruwa don an shiga Janairu, kuma a tsarin Ofgem mai barin a cire daga banki ya fi mai jiran takarda samun sauƙin farashi. Ɗalibai ne nake ja wa kunne. Yawanci a Satumba suke sauka, suna shiga gida sanyi na bin su a baya, ba su ga kakar ba balle su zuba komai a rumbun. Idan su huɗu ne a gida, biyu suka tattara suka tafi a Maris, bashin yana kan wanda sunansa ke takarda. Na ga zumunci ya ɓaci a kan haka.

Yanzu kowane ɗaya ga wata nakan ja buhun shinkafar gefe, babbar 'yata ta haska mini da waya, in ɗauki hoton mitar in aika. Bara a ƙarshen Satumba na ga rarar ta fi abin da sanyi zai ci, na nemi a dawo mini da fam 150, aka dawo da su, na haɗa na aika gida aka saya wa Baba katin mitarsa, don shi ma ya samu tasa.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Leeds, Ingila.