Lissafin kwamfuta bai kashe gardamar ƙwallon jami'o'in Amurka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari filin wasanninku na makon jiya inda aka taɓo ƙwallon jami'o'in Amurka, wato irin wadda ake rungumewa a ruga da ita. Mai gabatarwa ya ce da za a bar wa kwamfuta aikin jera ƙungiyoyi, da rigima ta ƙare, tunda na'ura ba ta da ɗan ɗaki. Na daɗe ina zaune a jihar Ohio, inda gari ke tsayawa cak duk Asabar ɗin da Ohio State za ta buga, don haka a ba ni dama in sa baki.

A Firimiyar Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowa ya kara da kowa gida da waje, tebur ya raba gardama. A nan kuwa manyan ƙungiyoyin sun haura 130, kowacce kuma wasa 12 kacal take bugawa kafin wasannin ƙarshe, yawancinsu da 'yan rukuninta. Ƙungiyoyi biyu za su iya gama kaka ba a doke su ba, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Shi ya sa tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tara ƙuri'un 'yan jarida, masu lissafi su ma suna da nasu jerin.

An gwada abin da mai gabatarwarku yake so, ko da ba duka ba. Daga 1998 zuwa 2013 tsarin BCS ya haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta na masana irin su Jeff Sagarin da Kenneth Massey da Wes Colley, don fitar da biyun da za su buga wasan kambu. A 2003 Kansas State ta lallasa Oklahoma da ci 35 da 7 a wasan ƙarshe na rukunin Big 12, amma lissafi ya bar Oklahoma a sama, aka bar ƙungiyar jami'ar USC a waje alhali ita ce ta ɗaya a ƙuri'un 'yan jarida da na masu horarwa. LSU ta doke Oklahoma ta ɗauki kambun BCS, AP kuma ta ba USC nata. Zakaru biyu a shekara ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum ne ke gaya wa kwamfuta abin da za ta ƙirga. Shin cin da aka yi da ratar maki 40 daidai yake da na maki ɗaya? A 2002 shugabannin BCS suka hana masu lissafi duba ratar maki, wai don kada babba ya riƙa wulaƙanta ƙarami da gangan. Niyyar ba laifi, sai dai an rufe wa na'urar ido ɗaya. Ga kuma tambayoyi biyu da ake cakuɗawa kullum: wa ya fi ƙarfi yau, da wa ya fi cancanta bisa abin da ya ci. Amsarsu ba ɗaya ba ce. A kakar 2017 lissafin Colley, wanda nasara da rashin nasara da ƙarfin abokan karawa kawai yake dubawa, ya ɗora ƙungiyar jami'ar UCF a kan Alabama da ta ɗauki kambun kakar, domin UCF ta ci wasa 13 ba faɗuwa, har da doke Auburn wadda ta riga ta doke Alabama da Georgia.

Jera rukunoni ya fi wannan santsi. Idan 'yan rukunin SEC suka buga da juna, nasarar ɗaya faɗuwar ɗaya ce, ba abin da ya ƙaru. Duk hukuncin cewa SEC ta fi Big Ten, ko akasin haka, yana rataye ne a kan 'yan wasannin da ake yi tsakanin rukunoni, galibi a watan Satumba da ƙarshen kaka. Wasa biyu ko uku su karkace, sai martabar rukuni guda ta hau, kowane ɗan rukunin kuma ya ci albarkacinta har Disamba.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, lissafin zan ɗauka a kan kwamitin mutum 13 da ya fara aiki a 2014, mai zaɓar ƙungiyoyin da za su shiga gasar kambu. Colley ya wallafa hanyarsa, duk mai kwamfuta zai iya bi ya ga inda lambar ta fito. Kwamitin kuwa a ɗaki yake zama. A 2023 ya ajiye Florida State da ta ci 13 ba faɗuwa, saboda jagoran 'yan wasanta Jordan Travis ya karye a ƙafa, ya saka Alabama mai faɗuwa ɗaya. Maƙwabcina ɗan Florida har yau ba a yi masa maganar. Faɗaɗa gasar kambun daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12 a 2024 ta mayar da gardamar ne kawai kan wanda aka bari a bakin ƙofa.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku karanto mana irin wannan jeri, ku faɗa mana na wane ne, kuma ko yana ƙirga ratar maki.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga birnin Columbus, jihar Ohio