Takardar shaidata na hannunsa, ga kuma wani aikin ya fito

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu.

Shekaranjiya da daddare wani ya kira ni, wai ƙungiyarsu ta ɗauke ni aikin kula da yara masu tamowa, amma in tura naira dubu 25 kuɗin fom da horo kafin Litinin. Tun daga ranar ban runtsa ba, domin yadda yake magana sak irin ta mutumin da na yi wa aiki a baya.

Bari in koma baya. Na yi babbar difloma a fannin abinci mai gina jiki, na gama bautar ƙasa, na zauna gida shekara guda da rabi ina kallon bango. Ni ce babba a ɗakinmu, ƙanne biyar ke bina, Baba kuma ya yi ritaya. Ki riƙe wannan a ranki kafin ki ga laifina.

Wani mai ƙaramar ƙungiya ya ɗauke ni. Ranar farko ya karɓi ainihin takardar shaidata ya jefa a durowa ya kulle, wai kada su koya mini aiki in gudu. Takardar kama aiki kuwa kullum "gobe". Albashi da baki ya faɗa, dubu 60, ko mafi ƙarancin albashi na dubu 70 bai kai ba, shi ma sai ranar da ya ga dama. Wata bakwai na yi, na huɗu kawai na karɓa. Na tarar da mata biyu a wurin, kafin wata uku duk sun tafi, ya ce ragwaye ne. Ban nemi ko ɗaya na ji ta bakinta ba, ina murnar samun aiki.

Aikin kansa ina sonsa, Anti. Mu shiga ƙauye, in naɗa tef ɗin awo a damtsen yaro. Idan ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. In danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, akwai kumburi. Sai a sa shi a layin abincin nan na leda, mai gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda kyauta ake bayarwa, ba a sayarwa.

Sai ya fara cewa in rubuta yaran da suka faɗa a ruwan ɗorawa, wato tamowarsu ba ta yi tsanani ba, a matsayin ja, don a ƙaro kwalaye. Na yi sau biyu. Wallahi a tunanina yaran ne za su ci, su ma ai ba ƙoshi ne da su ba. Sai ranar kasuwa na ga ledojin a faifan wata mai talla. A makon ne wata uwa ta tako tun asuba da ’yarta a goye, hannun yarinyar bai fi kaurin yatsuna biyu ba, aka ce mata kaya sun ƙare. Ta kalle ni ta gyara goyonta ta juya. Har yanzu ina ganinta.

Da na yi masa magana ya ce sa hannuna ne a rajistar, in na buɗe baki ni zan fara kwana a hannun ’yan sanda. Mutum ne da bai san Allah ba, carbi a hannu, mugunta a ciki. Na daina zuwa, bai kira ba, takardata na wurinsa.

Na manta ban faɗa miki ba, waɗannan sababbin ma sun ce in zo da ainihin takardu, kuma ofishinsu ban gani ba, komai ta WhatsApp ne. Ƙawata ta ce in biya kawai, kowa haka yake yi. Umma har ta ce za ta sayar da akuyarta.

Baba bai san komai ba, yana zaton hutu aka ba mu. In na gaya masa zai je wurin mutumin, maganar rajistar ta fito. Anti, ta yaya zan karɓo takardata ba tare da na jefa kaina a rami ba? Kuma yarinyar nan, in wani abu ya same ta, ina da alhaki?

Taki,
Wata ’yarki mai sauraro