'Ya'yan ƙanwata 'yan Nijeriya ne, ko da ubansu mutumin Magarya ne

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan abin da ya dame mu a nan bakin iyaka, mu mutanen ƙauyukan Maigatari.

Ƙanwata tana auren wani mutumin Magarya, ta jihar Damagaram a Nijar. Ya zo garinmu yana saurayi, yana dillancin awaki a kasuwar Alhamis, ya ga yarinya, aka ba shi. Yau shekara ashirin da huɗu ke nan. Gonarsa tana nan, a nan ya binne mahaifiyarsa, kuma idan liman ya yi tafiya shi ke jan salla. Kwanan baya babban ɗansu ya je neman takardar shaidar ɗan asali don cike gurbin karatu. Aka tambaye shi garin ubansa, ya faɗi gaskiya, sai aka ture masa takardunsa aka ce ya je Nijar su ba shi. Yaron da ko Faransanci bai iya gaisuwa da shi ba! Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo.

Ni tsohon malamin firamare ne, ba lauya ba, amma na nemi kundin tsarin mulki na 1999 na duba. Sashe na 25 ya ce duk wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yanci, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Ba a ce sai uba ba. Uwa ta isa, kaka ma ta isa. Amma da yake mun saba ɗa na uba ne, sai mai riƙe da biro ya ɗora al'ada a kan doka, kuma talaka ba ya da bakin musu. Na sani takardar asali daban, zama ɗan ƙasa daban. To amma yaron da ƙaramar hukumar uwarsa ta ƙi, wace ce za ta karɓe shi?

Shi kuwa uban, a nan dokar da kanta ta yi masa ƙwauro. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya bai samu wannan ƙofa ba. Tasa hanyar ita ce sashe na 27: ya shekara goma sha biyar a ƙasa, gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar gari sun karɓe shi, sannan shugaban ƙasa ya ba da takarda. Shekarun kam ya cika har da ƙari. Amma don Allah, dillalin awaki ta ina zai bi takardarsa ta kai teburin gwamna a Dutse, balle Abuja? A Maris na 2022 an kai ƙudurin daidaita wannan a majalisar tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi. Ina jin da yawansu wani Bature suka hango yana auren 'yar boko a Legas, ba su tuna da irin surukina ba.

Da can ba mu damu da takarda ba. Kakanninmu suna aurar da juna tun kafin Turawa su kafa tangarahon iyaka, har yau tsofaffi "Faransa" suke ce wa tsallaken. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutum kwana 90 ba biza, mu kuma muka ɗauka zama ne na har abada. Sai aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 2023, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. An ce a ci gaba da shige da fice yadda aka saba har sai an sake shawara. Surukina yanzu in ya hango shinge a hanyar Gumel, sai ka ga ya daina hira.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku samo lauya da jami'in shige da fice su fayyace wa mutane da Hausa wace takarda mazauni irinsa ya kamata ya riƙe, nawa ne kuɗinta na gaskiya, kuma a ina ake yi. Ku tambayi 'yan majalisarmu na Jigawa inda ƙudurin nan ya kwana. Yaron dai mun sake shirin komawa da shi ranar Litinin, da mai unguwa da kwafin sashe na 25 a aljihuna.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
daga ƙaramar hukumar Maigatari, jihar Jigawa.