Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Jean Todt, jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya kan kiyaye haɗurran hanya

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni dai ba injiniya ba ne, ba kuma ɗan jarida ba, mutum ne kawai mai bin labarin motoci a waya, kuma abun da ya sa na ɗauko rubutun nan wani bidiyo ne da ƙanina ya turo min a WhatsApp, wani gini ne na ajiye motoci yana ci da wuta, hayaƙi baƙi ƙirin, an rubuta a ƙasa wai ga abun da motar lantarki ke jawowa. Na san bidiyon tun kafin ya gama buɗewa, gobarar filin jirgin sama na Luton ce a Ingila, watan Oktoba 2023, wadda ta cinye motoci sama da dubu, kuma 'yan kwana-kwanan wurin da bakinsu suka ce daga motar dizal wutar ta tashi. Na faɗa masa haka, sai cewa ya yi to ai kowa ya ce ta batir ce. Wallahi maganar nan tasa ta tsaya min a rai.

Kai na zaɓa na rubuta wa saboda tun 2015 kake riƙe da wannan muƙami, ka shugabanci FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, daga 2009 zuwa 2021, kafin nan kuma a tseren mota kai ne mai zama gefen direba kana karanta masa hanya, wato ka san yadda ake ji mutum yana cikin mota tana gudu sitiyarin ba a hannunsa yake ba. To da zuwan motoci masu tuƙa kansu, duniya ce yanzu ake so ta koma wannan kujerar, amma masu karanta mana hanyar, wato 'yan jarida da masu talla, kowa inda ya ga dama yake nuna mana.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara. In ka raba, sama da mutum 3,000 ke nan kullum ta Allah, kusan dukkansu kuma da ɗan Adam a kan sitiyari, wani gudu, wani barci, wani ya sha ya bugu, wani idonsa na kan waya. Nawa daga cikinsu ke shiga kanun labarai na duniya? Amma bari mota mai tuƙa kanta ta tsaya cak a mararraba ta tare hanya na minti 20, kafin yamma an fassara labarin cikin harsuna barkatai. Ban ce kar a ba da labarin ba fa, sabon abu dole ya ja ido. Matsalar ita ce mai karatu na tashi da tunanin cewa haɗarin yana can inda kamara ta haska, alhali inda aka saba gani har aka daina kallo nan ne ake kwasar gawa.

Kuma ko haɗurran da suka faru da gaske, rabin labarin ake ba mu. Ɗauki na Tempe a jihar Arizona, watan Maris 2018, lokacin da motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare ta mutu. Abun da ya zagaya duniya shi ne mota mai tuƙa kanta ta kashe mutum, shi ke nan. Da masu bincike suka gama aikinsu sai ga shi motar ta hango matar sama da daƙiƙa 5 kafin ta buge ta, amma manhajar ta yi ta canza ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, yanzu keke, yanzu wani abu daban, don ba a koya mata cewa mutum na iya tsallakawa inda ba a zana layin tsallakawa ba, an kuma kashe birkin gaggawa da motar ta zo da shi daga kamfani, wadda aka ɗora a kujerar direba don ta sa ido kuma hankalinta na kan waya. Ka ga nan akwai darasi babba, kuma kusan duk laifin na mutane ne da suka yanke shawara a ofis, amma lokacin da rahoton ya fito hankalin jama'a ya riga ya koma wani wuri.

Haka na San Faransisko a Oktoba 2023. Direba ne ɗan Adam ya fara buge wata mata mai tafiya a ƙasa ya gudu, ta faɗa gaban wata tasi marar direba ta kamfanin Cruise, ita kuma tasin bayan ta taka ta sai ta yi ƙoƙarin fakawa gefe tana jan ta a ƙasa wajen mita 6. Masu ƙin motocin sun manta da direban farko, masu son su kuma sun so a manta da jan da aka yi mata, hukumar kula da motoci ta jihar Kalifoniya dai ta dakatar da lasisin kamfanin a watan, ƙarshen 2024 kuma General Motors, uwar kamfanin Cruise, ya janye kuɗinsa daga harkar tasin.

Amma yallaɓai, ni abun da ya fi ba ni tsoro ba masu tsoron ba ne, masu yarda fiye da kima ne. Mai tsoro iyakaci ya ƙi shiga. Wanda talla ta cika wa kunne kuwa shi ne zai saki sitiyari a babban titi. Na taɓa kallon wani bidiyo, mutum ya kwantar da kujera, kansa ya langaɓe gefe, baki a buɗe, mota na sheƙa gudu, mai ɗauka daga wata motar yana ta danna hon yana dariya, a ƙasa kuma mutane na ta yabawa wai zamani ya zo. Injiniyoyi sun raba iya tuƙa kai na mota mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. Abun da Tesla ke kira Autopilot mataki na 2 ne, yana riƙe layi yana daidaita gudu, amma direba ne ke da alhakin komai, ko ƙiftawa bai kamata ya yi sakaci ba. Drive Pilot na Mercedes da Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021 mataki na 3 ne, a lokacin ma sai a wasu manyan tituna kuma kar a wuce kilomita 60 a awa. Tasin kamfanin Waymo da ke ɗaukar fasinja ba kowa a gaba a birnin Finiks na Amurka tun 2020 mataki na 4 ne, cikin unguwannin da aka zana masa taswirarsu kaɗai. Mataki na 5, mai zuwa ko'ina a kowane yanayi, ba wanda ke sayar da shi. To amma a jarida duk sunansu ɗaya, mota mai tuƙa kanta. In ta mataki na 2 ta yi karo sai a shafa wa ta 4 kashin kaji, in ta 4 ta yi abun kirki sai mai ta 2 ya ɗauka tasa ma haka take. A Disamba 2023 sai da Tesla ya yi wa motoci sama da miliyan 2 gyaran manhaja a Amurka saboda hukuma ta ga tsarin ba ya hana direba shagala yadda ya kamata.

Ta ɓangaren motar batir ma gaskiyar tana tsakiya, ba mai son ta don ba ta sa mutane su danna labari a intanet. Alƙaluman da hukumar agajin gaggawa ta Suwidin ta tattara sun nuna motar lantarki ba ta kai ta fetur da dizal yawan kamawa da wuta ba. Amma in batirin ya kama, to fa ya kama, ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan batirin ya yi zafi ya kunna na kusa da shi haka har ya zagaye, yana shan ruwa mai yawa kafin ya mutu, kuma yana iya sake tashi bayan an ɗauka an gama. Motocin lantarki na Chevrolet Bolt ai sai da kamfanin ya kira su duka don gyara a 2021 saboda matsalar batir. Duka biyun gaskiya ne, me zai hana a faɗe su tare? Ga kuma abubuwan da suka fi shafar mai tafiya a ƙasa da ba a cika magana a kai ba, nauyin batir da ke sa motar ta fi takwararta nauyi, da shirun da take yi in tana tafiya a hankali, wanda ya sa Tarayyar Turai ta wajabta sa mata ƙara saboda makafi da yara. Kuma abun ba na gobe ba ne, a 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da rabi a Sin, a ƙasar Nowe kuwa kusan 9 cikin 10 na sababbin motoci masu batir ne.

Roƙona gare ka bai da yawa. Ofishinka na tare da hukumar da ke tsara ƙa'idojin motoci a Janiba, kana da bakin magana a wurin. Ka matsa a hana kamfani laƙaba wa na'urar taimakon direba sunan da zai sa mutum ya ɗauka za ta iya tuƙi ita kaɗai, Birtaniya ta riga ta sa irin wannan a dokarta ta 2024, sauran ƙasashe ma su bi. Sannan a tilasta wa kamfanoni fitar da alƙaluman haɗari ga kowa ya gani, tare da adadin kilomitan da aka yi da irin titin da aka bi, don haɗari 10 ba ya nufin komai in ba a san cikin tafiya nawa ba ne, kuma kar a bar kamfani shi kaɗai ya zaɓi lissafin da zai yi masa daɗi. Amurka ta fara karɓar irin wannan rahoto tun 2021, amma ba kowa ke iya karanta shi ba.

Na ƙarshe kuma, a yi wa 'yan jarida 'yar takarda, shafi ɗaya ma ya isa, a harsuna da yawa har da namu, mai tambayoyin da za su yi kafin su buga labari: wane mataki ce motar, an kunna tsarin a lokacin ko a kashe yake, wa ke kan kujera, wa ya tabbatar daga ina wutar ta tashi. In ta fito ka sa a yi ta yadda za ta turu a WhatsApp, akwai wanda zan fara tura wa.

Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
wani mai bin labarin motoci